Mage Ma Tana da Ruwa da Akwatin Zaɓe: Martani ga Malam

 Maƙalarka ta same ni a Aboabo, nan Kumasi, na karanta ta bayan la'asar, na sake karanta ta bayan isha'i don kada in zalunce ka. Ka girme ni a shekaru, ka girme ni a alƙalami, shi ya sa na daɗe ina tauna maganar kafin in furta. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ka ba da labarin dattijuwar da ta miƙe a dandalin 'yan takarar asambuliman, gab da zaɓen majalisun gari na Disamban 2023, ta tambaye su me za su yi da masu zuba guba suna kashe maguna a unguwa. Ka ce jama'a sun tuntsire da dariya, kai ma ka taya su. A kan wannan dariyar ka ɗora hukuncinka. Wai dokar kare mage kayan marmarin Turawa ce, ta waɗanda suka ƙoshi har suka rasa abin yi. Wai mutumin Zongo da ruwa ke cin ɗakinsa duk damina ba shi da ƙuri'ar ɓatarwa a kan dabba. Wai kuma samarin da ke bin gida gida suna cewa a je a yi rajista saboda irin waɗannan ƙananan maganganu aikin baban giwa suke yi, tunda asambuliman ba shi da sana'ar da ta wuce zuwa suna da jana'iza.

Ina wurin ranar, Malam. Hajiyar maƙwabciyarmu ce, mai wake da shinkafa ce da rabin layinmu ke karyawa a wurinta. Dariya ta haɗiye ƙarshen tambayarta, shi ya sa bai kai kunnenka ba. Wani ne ya shafa maganin ɓera a kawunan busasshen kifi ya jera su a bakin gota. Cikin mako guda magunanta uku suka mutu suna kumfar baki. Ranar da ta ƙarshe ta mutu, aka tsinci jikanta mai rarrafe da kan kifin a hannu, saura ƙiris ya kai baki. Bayan wata guda ɓeraye suka farke mata buhunan wake. Tambayarta ke nan gaba ɗaya. Kai ka ji mage kawai.

Bari in fara ba ka abin da yake naka. A Ingila, tun 10 ga Yunin 2024, dole mai mage ya sa a dasa mata wata 'yar ƙwayar na'ura ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai ita, wanda ya ƙi kuma ana iya cin sa tara har fam 500. Jihar New York ta Amurka ta hana cire wa mage farata tun 2019. In wani ya zo unguwar Sawaba ko Sepe Timpom da irin wannan, ni zan riga ka dariya. Magen Zongo ba ta da ubangida ɗaya ma balle a rubuta sunansa: tana karyawa a wannan gida, ta yi ƙailula a shagon tela, ta kwana a rumbun mai masara. Haka kuma gaskiyarka ce da ka ce ciwon haukan kare daga kare yake zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan duka, har kashi 99 cikin 100, cizon kare ne sila. Wanda ya ce mage ce kan gaba a wannan annoba ya yi ƙari. Iyakar inda zan bi ka ke nan.

Maganar wai tausayin mage daga Turai ya zo, wannan kam ta ba ni mamaki daga bakin wanda ya yi zaman zaure. Tun muna riƙe da allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Buhari da Muslim duk sun kawo shi. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu na Zongo ke bugun ƙirji da ita, akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma yi alwala da sauran ruwan. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabin da duniya ta san shi da shi daga 'yar kyanwa ya samo asali. A Alƙahira, Sarki Baibars da ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277 ya bar wani lambu wakafi don a riƙa ciyar da magunan da ba su da mai su. A lokacin, Turawan da kake jingina wa abin ba su ma fara wannan tunani ba. In akwai baƙon abu a unguwarmu, to shi ne a ga yara suna jifan muzuru da dutse a ƙofar makaranta, manya na zaune suna kallo.

Kuma ba sabuwar doka Hajiya ta nema ba. Gana tana da ita tun kafin a haifi yawancin masu dariyar. Dokar Laifuffuka ta 1960, mai lamba 29, daga sashe na 303, ta sa azabtar da dabba cikin laifuffukan da ake hukuntawa: dukanta da mugunta, gallaza mata, jawo mata wahala ba gaira ba dalili. Akwai kuma Dokar Cututtukan Dabbobi ta 1961, mai lamba 83. Suna nan a littafi shekara sittin da ɗoriya, sun zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ka taɓa jin an gurfanar da wani a Kumasi saboda ya kashe magen maƙwabcinsa? Ka je caji ofis ka ce an sace maka kyanwa, ka ga irin kallon da za a yi maka. Alhali satar tana nan, kowa ya san inda ake kai su: akwai masu cin naman, har laƙabin Joseph aka yi masa a ƙasar nan. Ba na shiga tukunyar kowa. Amma wanda ya sa buhu ya ɗauke dabbar da wata ta raina, ɓarawo ne ko da me zai yi da ita.

Gyara dokar 1960 aikin majalisar dokoki ta Akra ne, kuma muna da wakili a can. Alhaji Muntaka Mubarak yana riƙe da kujerar Asawase tun zaɓen cike gurbi na 2005, a 2025 kuma aka ba shi ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda 'yan sanda ke ƙarƙashinta. Wanda ke da ƙorafi kan yadda ake karɓar irin wannan ƙara ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Amma ni ba can hankalina yake ba. Hankalina yana kan teburin da ka raina.

A 2012 aka yanke Asokore Mampong daga majalisar birnin Kumasi aka ba ta tata. Aboabo, Asawase, Sawaba, Adukrom, Akorem, Asabi, Buobai, Parkoso, duk nan muke kai kukanmu. Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba wannan majalisa ikon yin dokokin gari, a sashe na 181. Ita ke yanke kuɗin shago da na rumfar kasuwa duk shekara. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, har da rabon da ke zuwa daga asusun bai-ɗaya, wanda Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ƙarƙashinta duba-gari suke, waɗanda iyayenmu ke kira tankas, Asantawa ke kira samansaman, masu leƙa randa da salga a da, masu kai mutum kotu a kan ƙazanta. Sashen aikin gona na majalisar ne ke aiki da ma'aikatan lafiyar dabbobi in za a fita rigakafi. Shugaban majalisar, wato MCE, shugaban ƙasa ne ke naɗo shi, gaskiya ne, amma ba ya hawa kujera sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar da suka zauna suka jefa ƙuri'a sun amince. Mafi yawan waɗannan 'yan majalisa kuwa, wajen kashi 70 cikin 100, mu ne muke zaɓensu, ba da tutar jam'iyya ba. Su ne asambuliman ɗin da ka ce aikinsu cin shinkafar suna.

To yanzu bi zaren da ni. Keken aboboya bai zo ya kwashe bola ba, shara ta taru a bakin rafin Pelele. Shara ta tara ɓeraye. Ɓeraye suka shiga shago, mai shago ya fusata ya sayi guba a hannun mai talla, a ƙulle a leda, ba suna ba takarda. Ya zuba a fili, mage ta ci ta mutu, kaza ta ci, yaro ya miƙa hannu. Mage ta tafi, ɓeraye suka ninka, aka ƙara sayen guba. Ita kuma sharar, ruwan Yuni ya tura ta cikin gota ta toshe, ruwa ya shigo ɗaki. Ka ce mutumin da ruwa ke cin ɗakinsa ba ruwansa da mage. Malam, fayil ɗaya ne, a ofishi ɗaya, a gaban mutum ɗaya. Ba na cewa mage za ta gama da ɓera inda bola ke tsaye kamar dutse, ba za ta iya ba. Ina cewa ɗan takarar da ya iya amsa tambayar Hajiya dole ya bi ta kan shara, ta kan masu tallan guba, ta kan duba-gari, ta kan kasafin kuɗi. Wanda ya kasa amsa ta, ya kuma fake da dariyar jama'a, bai san aikin da yake nema ba. Ban ji tambayar da ta fi tata auna ɗan takara ba a wannan yini. Sauran masu tambaya aikin yi suka nema da kwalta, abin da kowane ɗan takara ya haddace amsarsa tun a gida, kuma yawancinsa ba a hannunsa yake ba.

Abin da za a iya nema a wannan tebur ba gagara-badau ba ne. A hana ajiye abinci mai guba a fili inda yara da dabbobi ke wucewa. A sa ido kan masu tallan maganin ɓera. In an fita rigakafin karnuka, kamar yadda ake yi a kewayen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a shigo lungunan Zongo, a haɗa da maguna, a kuma sanar a masallatai da Hausa. A koya wa iyaye cewa in dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti, kada a tsaya shafa toka. Jami'ar KNUST tana da makarantar likitancin dabbobi, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Wane asambuliman ne ya taɓa tunanin gayyato ɗalibanta su yi yini guda a Aboabo?

Yanzu ga inda maƙalarka ta fi yi mini ciwo. Zaɓen shugaban ƙasa ba ya bukatar mai kira. A 2020 kusan kashi 79 cikin 100 na masu rajista suka fito, a 2024 sama da kashi 60. Ranar 7 ga Disamba Asawase ba ta barci, ko ana muzuru ana shaho sai an dangwala. Amma zaɓen asambuliman da yunit kwamiti, a 'yan shekarun nan, mutum ɗaya ne cikin uku ke fitowa a faɗin ƙasa, ko ɗan sama da haka. Na 19 ga Disamban 2023 ma sai da aka ɗage shi da kwana biyu a wasu mazaɓu, har da na yankin Ashanti, saboda takardun ƙuri'a ba su iso ba, kuma ƙasa ba ta girgiza ba. Da na shugaban ƙasa ne aka yi wa haka, da ba mai runtsawa. Muna ba da ranmu a zaɓen da mai nasara ba zai taɓa sanin sunan layinmu ba, muna kwance a gida ranar zaɓen wanda muke haɗuwa da shi a sahun asuba. A irin wannan zaɓe 'yan ƙuri'u kaɗan kan raba gardama, har matan layi biyu in sun haɗa kai suna iya juya sakamako. Maimakon ka tashe mu, sai ka ƙara mana bargo.

Kuma wa kake ce wa rajista ɓata lokaci ce? Mutumin Zongo? A farkon shekarun 1950, da iyayenmu suka kafa jam'iyyar Muslim Association Party, a zaɓen majalisun gari na Akra da Kumasi suka fara gwada ƙarfinsu, wato a wannan ƙaramin teburin dai. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga Kumasi zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, ana cikin shari'a majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka rufe maganar. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, gidaje suka watse a Zongo, har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Tsofaffinmu har gobe in an yi maganar takarda sai sun rage murya. Tun daga nan kowane kati da aka taɓa, jikinmu yake fara ji. Kotun Ƙoli ta soke amfani da katin inshorar lafiya wajen rajista a 2014, a 2016 aka goge sunaye sama da 56,000 a kan haka. A 2020 aka buɗe sabon kundin masu zaɓe, ba a karɓar tsohon katin zaɓe, ba a karɓar takardar haihuwa. A 2023 Hukumar Zaɓe ta so katin Gana ya zama shi kaɗai ne shaida, majalisar dokoki ta ƙi. A shekarar kuma aka taƙaita rajista a ofisoshin gundumomi, daga 12 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba, yara suka riƙa sammako suna biyan kuɗin keken pragya don su kama layi. Har yau, yaro in ya ce sunansa Ɗanlami ko Sanusi a gaban teburin rajista, yana iya cin karo da wakilin jam'iyyar da zai ƙalubalance shi, a riƙe katinsa sai kwamitin gunduma ya zauna. Sunan da aka sha wannan wahala kafin ya shiga kundi, mai shi ne zai faɗi abin da zai saya da shi. In Hajiya ta ce mage, to mage.

Ga samarin da ka yi wa ba'a, ina cewa ku ci gaba, amma ku riƙa faɗin abin daidai. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya ba duk ɗan Gana mai shekara 18 da lafiyayyen hankali 'yancin a yi masa rajista ya yi zaɓe. Wanda aka haifa bayan Kundin ya fara aiki, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne, ko da wane harshe ake yi a gidansu. A rajistar 2020, ta 2023 da ta 2024, shaida ita ce katin Gana, ko fasfo, ko masu rajista biyu su tsaya wa mutum, kuma ba mai tsaya wa fiye da mutum goma. Ƙa'ida tana iya sauyawa, don haka wanda ba shi da katin Gana ya neme shi tun yanzu, kada ya jira sai an buga ganga. Kada wanda ya tsaya wa yaron da bai kai ba, ko wanda bai sani ba: laifi ne, kuma irin wannan ne ke ba masu zargin Zongo abin faɗa. Rajista biyu ma laifi ce, na'ura tana gane yatsa. In aka kafe sunaye, a je a duba, a tabbatar da suna, da hoto, da rumfa. A 2024 a kan kurakuran kundin masu zaɓe ne jam'iyyar NDC ta fito zanga-zanga a faɗin ƙasa ranar 17 ga Satumba, har aka sake baje shi. Wanda ya tashi daga Akwatia Line ya koma Parkoso ya nemi a mayar da ƙuri'arsa in an buɗe damar, domin a zaɓen asambuliman unguwar da sunanka yake ita kake zaɓa wa, ba wadda kake kwana ba. Kundin Tsarin Mulki ma ya ba masu zaɓe damar yi wa asambuliman kiranye a sashe na 249, kuma sa hannun masu rajistar mazaɓar kaɗai ake ƙirgawa. In aka bi lissafin shekara huɗu, zaɓen majalisun gari na gaba zai faɗo a 2027, shekara guda kafin na ƙasa.

Dokar 2016 ta kuma ɗora wa asambuliman ya riƙa ganawa da mutanen mazaɓarsa kafin zaman majalisa, ya dawo ya ba su rahoto. Ni dai a layinmu ban ga an yi ba, kuma ban ga wanda ya nema ba, har da ni mai wannan rubutu. In suna yawon suna da jana'iza, a can muke nemansu, a can muke auna su. Wanda ya zo da ambulan mai kauri shi ne mutumin kirki.

Hajiya ba ta karanta maƙalarka ba, ni kuma ban gaya mata ba, don na san bakinta. Jikarta babba ta cika 18, ta yi rajista a watan Mayun 2024, Hajiya da kanta ta raka ta suka yini a layi. Katunan gidan duka suna cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatinta, tare da takardar fili. An ba ta wata 'yar kyanwa fara mai baƙin kunne daga Sabon Zongo, ba ta barin ta fita da dare. Ta ce a 2027 za ta sake miƙewa a dandali, kuma wannan karon da matan adashinsu za ta je, su zauna a gaba, don in an fara dariya a ji sauran tambayar. In kana Kumasi lokacin, Malam, ka biyo ta layinmu da sassafe. Takan sauke tukunya da ƙarfe shida, kafin takwas ta ƙare.